Idan Amsa Na Cikin Waya, Me Yaro Ke Nema a Makaranta?

A shekarar 2007 aka raba wa ɗaliban firamaren Galadima, nan kusa da Gwarinpa, ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin wani Ba'amurke, Nicholas Negroponte, mai burin kowane yaro ya mallaki tasa. Tunaninsa shi ne, in ka ba yaro na'ura, zai koya wa kansa abubuwa da yawa. Yaran kuwa sun iya ta nan da nan. Sai dai ba a jima ba rahotanni suka fito cewa wasunsu na leƙa shafukan batsa, har sai da aka toshe shafukan.

Wani zai ce, to ai shi ke nan, a raba yara da ita. Wannan ba zai yiwu ba. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaronmu na Karmo da bai taɓa zama gabanta ba sai ranar jarrabawa, ya san amsa amma hannunsa na rawa, an cuce shi, kuma da hannunmu a ciki.

Tambayar da ta rage ita ce: tunda waya na ba da amsa cikin daƙiƙa, me yaro ke zuwa nema a aji? Mu duba makarantar allo. Alƙur'ani yana nan a rubuce, amma ba wanda ya taɓa cewa a miƙa wa yaro shi, a sallami malam. Malam ke jin inda harshe ya karkace ya gyara, shi ke koya wa yaro haƙurin maimaitawa da ladabin zama cikin mutane. Haka boko. Intanet na kawo gaskiya da ƙarya a faranti ɗaya. Aikin makaranta yanzu shi ne ta raini yaron da zai tambaya: wa ya faɗa, kuma mece ce hujjarsa? Wanda ya kwafo amsa ya samu maki, gobe in an sauya tambayar sai ya yi zuru.

Don haka, jama'a, shawarata ga kwamitocin Islamiyyunmu da 'yan kasuwa: a haɗa kuɗi a sayi kwamfuta ko biyar ce, da sola saboda matsalar wuta, a ajiye inda babba ke gani. A fara horar da malamin da zai zauna da yaran, kuma a sa 'yan mata cikin jerin tun ranar farko.