Niyyar Dare Ɗaya da Kwamfutar da Ke Haɗa Kanta

A shagunan buga takardu na Unguwar Dosa, inda ɗalibai kan yi cincirindo idan lokacin fitar da takardar jarrabawar JAMB ya zo, mai shago ba ya son duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka tayar da janareto ya sake zama yana lalubar sunan Wi-Fi yana shigar da kalmar sirri, saboda haka sai ya saita kwamfutar sau ɗaya, ya umarce ta da ta riƙe sunan da kalmar, ta nemi hanyar da kanta da zarar an kunna ta. A kan Linux ma sai ya ƙara da ba dukkan masu amfani da na'urar izinin wannan haɗi, domin in kalmar tana ajiye a taskar mutum ɗaya, intanet ba za ta zo ba sai shi ya shiga.

Wannan ɗan aiki yana da 'yar'uwa a fiƙihu, wato mas'alar ko niyya ɗaya tana iya ɗaukar ayyuka masu yawa. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda almajiri ke tararwa a Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, sun tafi a kan cewa niyyar daren farko na Ramadan ta wadatar wa watan baki ɗaya, alhali Shafi'iyya sun wajabta sabunta ta kowane dare. Sai dai Malikiyyar sun ce idan rashin lafiya ko tafiya ko haila ta yanke azumin, to wajibi ne a sake ƙulla ta. Ni dai ina ganin hikima babba a wannan sharaɗi, domin rangwamen ya dogara ne ga zuciyar da take nan a kan ƙudurinta a hukunce, ko da ta shagala da ciniki.

Na'ura kuwa ba ta da zuciyar da za ta san an yanke. Suna da kalmar sirri kawai ta haddace, har ma idan hanyar buɗaɗɗiya ce marar kalmar sirri, wani maha'inci yana iya kafa tasa da wannan suna, ta miƙa masa hannu ba tare da tantama ba, sirrin masu ciniki ya bi ta wajensa. Don haka alhakin duk abin da ya shiga ko ya fita ta wannan ƙofa yana wuyan wanda ya saita ta, ko da yana masallaci lokacin da aka kunna, kuma amanar lambobin ɗalibai da hotunansu tana cikin wannan alhaki. Ya kamata mai shago ya riƙa buɗe jerin hanyoyin da kwamfutarsa ta haddace, ya goge na otal da na tashar mota da ya taɓa shiga a kan tafiya, ya canza kalmar sirri ranar da yaron shago ya bar aiki.