Laifin Fenti ko na Labule?

Ranar jeren ƙanwata, saura ƙiris a sallami mai fenti ba tare da cikon kuɗinsa ba. Ruwan madara aka ce ya shafa wa falo, kuma da safe kowa ya yaba. Bayan la'asar, da mata suka rataye labule fari tas, sai bangon ya koma tamkar an shekara ana girki da itace a ɗakin. Gwaggo ta ce surka fentin ya yi da ruwa. Bawan Allah ya rantse, ya ɗauko bokiti ya nuna, babu mai sauraronsa. Can ya ce, "Hajiya, don Allah a sauke labulen nan mu gani." Aka sauke. Nan take bango ya dawo kamar yadda aka gan shi da safe.

Irin ƙarar nan aka taɓa kaiwa gaban Michel Chevreul, masanin sinadarai da aka naɗa shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Faris a 1824. Ana ta ƙorafin cewa baƙin zaren marinarsa ba ya yin baƙi wuluk. Ya gwada zaren, ya same shi lafiya lau. Ashe in an saƙa shi kusa da shuɗi mai duhu ne yake dusashewa a ido. A littafin da ya fitar a 1839 ya bayyana cewa ido ba ya ganin launi shi kaɗai, da maƙwabcinsa yake auna shi. Ja kusa da kore ƙara ja yake yi, shuɗi kusa da ruwan lemo ƙara fitowa yake yi, ruwan madara kuwa in ya zauna kusa da fari tas sai ya yi kama da dauɗa. A mutane ma na sha ganin haka: yaro mai kawaici in ya tashi a gidan masu surutu, miskili ake ce masa.

Mu da muke cewa farin ciki da baƙin ciki da jan ido, ba sai an koya mana cewa launi na taɓa zuciya ba. Inda ba na bin masu ado ido rufe shi ne in sun yanke hukunci cewa ja tayar da hankali yake, shuɗi kuma kwantarwa. Da gaskiya a ciki, amma a wane ɗaki? Tuna ɗakin kakarki: ginin ƙasa, rufin azara, 'yar taga ɗaya, ga sanyi ga duhu-duhu. A nan jeren tasoshi da samiru masu ja da rawaya su ne fitilar ɗakin, kina shiga zuciyarki ta washe. Kwashe launukan nan ki zuba su a bangon siminti, ƙarƙashin rufin kwano, ga tagogi manya, a watan Afrilu, ki ga ko baƙo zai iya gama kofin ruwa bai fara duban ƙofa ba. Ma'anar launi ma ta wuri ce. Farin da muke ado da shi ranar Juma'a, a al'adar Sin na makoki ne, ja ne na amarya.

Saboda haka kafin ki sayi fenti bokiti huɗu, sayi ɗan gwangwani. A shafa taƙi biyu kusa da taga, ki kara ƙyallen labule da na kujera a jiki, ki duba da hantsi, da la'asar, da kuma dare in an kunna ƙwai, don farin ƙwai da mai rawaya-rawaya ba bango ɗaya suke nunawa ba.

Labulen ƙanwata dai an mayar da shi kasuwa aka musanyo ruwan ƙasa, mai fenti ya karɓi kuɗinsa cif. Gwaggo kuwa har gobe cewa take ya surka.