Hukuncin Zana Hotunan Mata da Fenti

Tambaya: Wata baiwar Allah mai sana'ar zane ta aiko cewa amare da matan aure kan ba ta aikin zana su da fenti, ta zaunar da su irin zaman sarauniyoyin da ake gani a tsofaffin zane-zanen Turai da Indiya. Ƙawarta ta ce mata kuɗin haram ne. Ina gaskiyar maganar?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Wannan mas'ala ce ta saɓani. Tushen tsoratarwar yana cikin Buhari da Muslim, inda Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta rataya labule mai surori, Annabi (SAW) ya nuna ɓacin rai, sai aka yanka labulen aka yi matasai. Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya haramta surar duk wani mai rai, ko tana da inuwa ko babu.

Malikawa kuwa sun rarrabe. Shehu Dardir, a sharhin Muhtasar na Halil wajen bayanin walima, ya taƙaita haramcin ga surar mai rai wadda take da jiki da inuwa da cikakkun gaɓoɓi, wato mutum-mutumi. Wadda take shimfiɗe a takarda ko ƙyalle makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, in kuwa ana takawa, barinta ne dai ya fi. Masu sassauci sun dogara da hadisin Abu Ɗalha da ya toge zanen jikin tufa. Zanen da ya tsaya daga kai zuwa ƙirji ya fi sauƙi ma.

Masu zane kan kafa hujja da tarihi. Gaskiya ne a 1480 Gentile Bellini, mutumin Venice, ya zana Sarki Muhammadu Fatih a Istanbul. Akwai kuma zanen da ake jingina wa Abul Hasan na Nur Jahan, matar Sarki Jahangir, tana tsaye riƙe da doguwar bindiga. Amma aikin fada ba ya halatta komai a shari'a. Labari ne kawai na abin da aka yi.

Inda ya kamata mai tambaya ta buɗe ido shi ne abin da take kwaikwayo. A 1814 Bafaranshe Ingres ya zana mace tsirara a kishingiɗe da sunan kuyangar fadar Turkawa, alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka Turkiyya ba. Lalla Essaydi, 'yar Maroko, ta maimaita irin wannan kishingiɗa a hotunanta, amma ta lulluɓe matan da farin ƙyalle, ta bi jiki da tufa da bango da rubutun Larabci na lalle. Mai sha'awar salon ta kiyaye: ba a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a jikin mutum ko inda za a zauna.

Saboda haka, a mazhabar Malikiyya ladan aikinta ba haram ba ne, muddin an suturta al'aura kuma mai fuskar ta yarda. Amaryar da aka zana da kitso a waje da kwalliya, zanenta na ɗakinta ne, ba na falon baƙi ba, kuma sa shi a Instagram don tallar sana'a ba da izininta ba cin amana ne. Ƙawar da ta hana tana da magabata a kan ra'ayinta, sai dai bai dace ta yanke hukunci kamar babu saɓani ba. Allah ne Mafi sani.