Gidan Eli da Wayar Hannu

Karatu: 1 Sama'ila, sura 2 zuwa 4.

Labarin Eli sananne ne a gare mu. Shi firist ne a Shilo, mai tsoron Allah kuwa. Amma 'ya'yansa biyu, Hofni da Finehas, suka lalace a kan idonsa, suna ƙwace naman hadaya da ƙarfi, suna lalata da mata a ƙofar alfarwa. Kada fa mu ce Eli ya yi shiru, gama ya kira su ya yi musu faɗa. Laifinsa shi ne ya tsaya a kan faɗan baki, bai hana su ba. A ƙarshe su biyu suka mutu rana ɗaya cikin yaƙi da Filistiyawa, aka ƙwace akwatin alkawari. Tsohon kuma, yana da shekara 98, da jin labari ya faɗo daga kujerarsa, wuyansa ya karye.

Yau akwai abin da yake gwada iyaye kamar yadda aka gwada Eli, wato wayar hannu. Sa'ad da ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ta kira da gaisuwa ce. Yanzu da intanet a cikinta ta zama kasuwa da dandali da gidan caca, duka a tafin hannu. Tana da amfani: muna karanta Maganar Allah a cikinta, muna aika wa ɗalibi kuɗin makaranta. Wuƙa ma tana da amfani, amma ba a miƙa wa mai rarrafe.

Ku lura da yadda abin yake aiki. Masu Facebook da TikTok da YouTube, da talla suke samun kuɗinsu. Gwargwadon daɗewar mutum yana kallo, gwargwadon ribarsu. Saboda haka aka shirya su yadda in hoto ɗaya ya ƙare, wani ya taso nan da nan. Tatsuniyar kaka tana da ƙurunƙus, yara su tashi su kwanta. Wannan kuwa ba ta da ƙurunƙus. Yaro ya raba dare yana kallo, da safe ya yi ta gyangyaɗi a aji. A can kuma yakan gamu da hotunan batsa, da masu ruɗinsa da caca, da baƙon da ba za ka yarda ya wuce zaurenka ba.

Mahukuntan duniya ma sun farga. A 2018 Faransa ta hana 'yan firamare da 'yan ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a sa jariri gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini. A Nuwamba 2024 majalisar Ostareliya ta yi doka ta hana wanda bai kai shekara 16 ba buɗe shafi a irin waɗannan dandali, dokar ta fara aiki ran 10 ga Disamba 2025. A dokar nan kamfani ne ake ci tara, ba a taɓa iyaye. A gaban Allah kuwa, Eli aka tambaya zancen 'ya'yansa.

To, me za mu yi? Na fari, ƙaramin yaro kada ya mallaki waya mai intanet tasa ta kansa. In akwai bukatar kiransa, ƙaramar waya ta isa. Na biyu, a sa lokaci: sai an gama aikin gida da na makaranta, in sa'ar ta cika kuma a karɓe. Na uku, kada waya ta kwana a ɗakin yara, kada ta zauna wurin cin tuwo ko wurin addu'ar iyali. Na huɗu, ka zauna tare da ɗanka ka ga abin da yake kallo, ka kuma bayyana masa dalilin hanin, domin kada ya koyi ɓoyo. Abin da ka karɓe kuma ka maye gurbinsa da hira, da waƙa, da aikin hannu, da wasa da tsararsa a waje.

Zai yi kuka, zai ce 'ya'yan maƙwabta duka suna da ita. Ka jure, gama itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dattawan ikilisiya da zumuntar mata su daidaita baki a kan wannan, domin kada uwa ɗaya ta tsaya ita kaɗai.

Sauran magana ɗaya, ita ce mai nauyi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da yake latsa waya a cikin sujada, da wane baki zai hana ɗansa? Mu fara ajiye tamu.

Ubangiji ya ba mu ƙauna mai iya cewa a'a, ya kiyaye 'ya'yanmu, su yi girma a gabansa kamar yaron nan Sama'ila. Amin.