"AI NAMIJI NE": SHIN WANNAN UZURI NE?

Sau nawa kika kai kukan maigida wajen manya, kan raba ido ko hirar dare da 'yanmata a waya, aka ce miki, "Ki yi haƙuri, ai namiji ne, haka halittarsu take"? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take rufe mana baki. To, bari mu auna ta mu gani.

Ko a gida kin san bambancin bunsuru da taure. A shekarar 1849 wani likita Bajamushe, Arnold Berthold, ya cire wa wasu ƙananan zakaru 'ya'yan maraina. Sai suka tashi ba cara, ba faɗa, ba bin kaji, zankonsu ma bai girma ba. Waɗanda ya dasa wa marainan a cikin ciki kuwa, suka girma zakaru cikakku. Daga nan ya gane cewa akwai wani abu da maraina ke zubawa a jini. A 1935 aka tace wannan sinadari, aka sa masa suna testostiron.

Sinadarin ba shi kaɗai yake aiki ba, ƙwaƙwalwa yake zuwa ya taɓa. Dubi kanari. Masana a Amurka sun gano cewa gurbin da ke kula da waƙa a ƙwaƙwalwar namijin ya fi na macen girma, kuma yana ƙaruwa a lokacin barbara, ya ragu bayan ya wuce. Idan aka yi wa macen allurar testostiron, ita ma sai ta kama rera waƙa. Haka namijin kurciya da kike gani yana rusunawa yana guɗa a gaban mace, sinadari ne ke tura shi.

Ke nan masu cewa "halitta ce" ba ƙarya suka yi ba. Allah Ya dasa wannan sha'awa don zuriya ta ɗore. Sai dai rabin labarin suka faɗa.

Namijin kurciyar nan, da zarar an yi ƙwai, shi ma yakan karɓi kwanci, kuma wani sinadari mai suna furolaktin yakan sa maƙoƙonsa ya samar da abinci mai kama da nono, ya ɗura wa 'ya'yan. A wajen mutane kuma, wani bincike da aka yi a ƙasar Filifin, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa testostiron na raguwa a jikin samarin da suka yi aure suka haihu, kuma ya fi ƙasa a wurin waɗanda ke ɗaukar awanni suna renon 'ya'yansu. Kin ga ashe ba jini kaɗai ke juya hali ba, inda mutum ya ajiye kansa shi ma yana juya jinin.

Sannan ɗan Adam yana da abin da zakara ba shi da irinsa. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ke auna sakamako, ya taka wa son zuciya birki. Sinadari yakan kunna wuta, amma ba shi ke danna lambar waya ba, ba shi ke shirya ƙarya ba. Da namiji ba zai iya kame kansa ba, da ba a umarce shi da runtse ido a Suratun Nur ba, kuma da shi aka fara kafin mata. Annabi Yusuf (AS) saurayi ne mai jini a jika, an kulle ƙofofi, amma ya gudu.

Don haka 'yar'uwa, abu biyu nake roƙonki. Na farko, kyautata wa miji da gyara jiki haƙƙinsa ne, ki yi. Amma in ya kauce, kada ki kwana kina tuhumar kanki, kowa da littafinsa. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, mu ne muke renon mazan gobe. Mukan sa wa 'ya mace ido tun tana shekara 10, amma in ɗanmu ya tare 'yar maƙwabta a lungu sai mu yi dariya mu ce "ya girma". Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki zaunar da shi, ko ki sa babansa, a gaya masa abin da yake ji ba laifi ba ne, amma abin da ya aikata da shi za a tambaye shi. Watarana 'yar wata ce za ta zauna da shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, amin.