Hukuncin Tura Waƙoƙin Disco Dancer a Waya da Sanya Su a Biki

Tambaya

Allah ya gafarta Malam, ni saurayi ne a Damana, kan hanyar Baleyara zuwa Filinge. Ina da rumfar cajin waya da sola, ina sayar da memori, ina kuma tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi, dala ashirin ko arba'in gwargwadon yawan abin. A akwatin mahaifina na tarar da tsohon kaset na waƙoƙin fim ɗin Indiya mai suna Disco Dancer, wanda ya zo da shi daga cin rani a Abijan tun ba a haife ni ba. Na nemo waƙoƙin a intanet na sauke, sai ga shi dattawa sa'o'insa sun fi samari nemansu. Yanzu abokina zai yi aure, ya ce in kawo lasifika in sa su daren biki. Wani ɗalibi kuma ya ce mini kuɗina haram ne gaba ɗaya, wai har sallata ba ta karɓuwa. Mene ne hukuncin sauraronsu, da karɓar kuɗin turawa, da sanya su a biki?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya a kan abin da kake ci daga gare shi. Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi, don haka bari mu fara buɗe kaset ɗin nan mu ga abin da ke ciki.

Fim ɗin ya fito a Indiya a 1982. Mithun Chakraborty ne jarumin, Bappi Lahiri, wanda ya rasu a 2022, shi ya tsara kiɗan. Salon disko ɗin daga Amurka ya samo asali, daga gidajen rawa na dare, ya kuma game duniya bayan fim ɗin Saturday Night Fever na 1977. Indiyawa suka ɗauka suka zuba masa harshensu. Labarin na wani yaro ne talaka mai waƙa a titi, da ya tashi da uwarsa cikin wulakancin masu kuɗi har ya shahara, maƙiya suka sa wa jitarsa wutar lantarki don su halaka shi, uwar ta riga shi taɓawa ta mutu. Wannan tausayin uwa shi ya kama zukatan mutanenmu, waɗanda tun shekarun 1950 suke kallon fina-finan Indiya a silimun Kano, daga baya har Yamai da Maraɗi da Damagaram. Ban yi mamakin dattawan da ke zuwa rumfarka ba; ƙuruciyarsu suke tunawa.

To amma waƙoƙin ba jinsi ɗaya ba ne, hukuncinsu ma ba ɗaya ba ne. Kamar geron da aka kwaso daga masussuka ne, sai an sheƙe an tsince kafin a ce ga na ci ga na zubarwa.

A cikinsu akwai waƙa guda wadda a cikinta ake kiran Kirishna, ɗaya daga abubuwan bautar Hindu, ana roƙonsa ya sauko duniya. Wannan babu saɓani a kanta tsakanin malamai, masu tsanantawa da masu sassautawa. Kiran wanin Allah ne da neman agajinsa, kuma daɗin kiɗa ba ya sauya ma'anar magana. Haram ne ka saurare ta don jin daɗi, haram ne ka rera ta, haram ne ka tura wa wani. Ka goge ta yau. Abin da ya fi damuna shi ne mutane da yawa sun haddace ta suna bin amshinta alhali ba su jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. Wanda ya rera ta bai san ma'anarta ba, bai kafirta ba, domin bai yi nufin abin da lafazin ke nufi ba, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Amma daga ranar da ya ji bayani uzurinsa ya ƙare. Kai da ka sani yanzu, wajibinka ne ka gaya wa duk dattijon da ya zo nemanta, cikin ladabi, kana mai rage murya, ba a gaban yara ba. Wannan kuwa darasi ne a sana'arka baki ɗaya: kada ka tura waƙar da ba ka san abin da take cewa ba, ko ta Indiya ce, ko ta Turawa, ko ta Larabawa ma.

Sai waƙoƙin rawa da kiran masoyi. Idan da hoto ka tura su, mata da maza na rawa cikin tufafin da ba su rufe al'aura ba, haramcin ya tabbata ta wajen kallo tun kafin a zo maganar kiɗa.

Abin da ya rage shi ne sauti zalla mai ma'ana marar laifi, kamar waƙar da ke cewa launin fata ba shi ke ba mutum daraja ba. Nan ne wurin da malamai suka daɗe suna saɓani, kuma ya kamata ka san shi yadda yake. Mafi yawan malamai sun hana kayan kiɗa. Sun kafa hujja da aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda Abdullahi ɗan Mas'udu ya fassara zancen wasan da ke cikinta da waƙa, da kuma hadisin Abu Malik al-Ash'ari a Sahihul Bukhari, inda aka ambaci kayan kiɗa tare da zina da giya da alhariri cikin abubuwan da wasu za su halatta. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 456 bayan hijira, ya ce isnadin hadisin a yanke yake, ya halatta kiɗa. Ibnus Salah da Ibn Hajar suka mayar masa da martani, suka nuna hadisin a sadar yake ta hanyoyi da dama, kuma maganarsu ta fi ƙarfi. Imam Gazali a Ihya'u ya duba abin ta wajen halin mai sauraro da abin da waƙar ke motsawa a zuciyarsa. A zamaninmu Shaihu Yusuf al-Ƙardawi ya sassauta da sharuɗɗa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa, a littattafansa na ƙarshe irin su Najmul Ikhwan, ya ja hankalin almajiransa kada su tsananta inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani, kuma kayan kiɗa na cikin abin da ya tattauna.

Mu a nan, daga Kurfai har Tondikandiya, Risala da Mukhtasar muka tashi muna karantawa a zaure. Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya hana sauraron kayan wasa da waƙa da gangan, kuma wannan shi ne mashhurin mazhabar Maliku. Da shi nake ba ka fatawa: ka bar su. Ina ƙara maka da cewa kiɗan disko an gina shi ne don rawa, bugunsa ɗaya ne ba ya yankewa don jiki ya yi ta motsi, saboda haka ko a ma'aunin Gazali da wuya ya tsira in an kunna shi cikin taron samari da 'yan mata. Duk da haka, wanda ka gani yana jin waƙa mai tsabtar ma'ana shi kaɗai a gonarsa, yana bin maganar malaman da suka halatta, nasiha za ka yi masa, ba ka da ikon fasiƙantar da shi. Wanda kuma sauti ya faɗo wa a kunne cikin motar kasuwa, bai nema ba, babu laifi a kansa.

Game da kuɗinka, ɗalibin nan ya wuce iyaka, ina kuma roƙonsa ya ji tsoron Allah a kan harshensa. Cajin waya halal ne. Sayar da memori halal ne, domin abu ne da ake zuba alheri da sharri a cikinsa, sai fa in ka tabbata mai saye ɓarna zai zuba. Tura karatu da wa'azi da darussa halal ne, har da lada in ka kyautata niyya. Turawa aikin ijara ne, sharaɗin ijara kuwa shi ne amfanin da ake biya dominsa ya zama halal, saboda haka kuɗin da ya gurɓata shi ne na abin da aka hana kawai. Ka ƙiyasta abin da ka karɓa a kan waƙar Kirishna da bidiyon rawa, ko jika ɗaya ce ko biyu, ka ba mabukata, ka tuba. In ba ka da hali yanzu, ka fitar a hankali, kada ka karya jarinka. Sallarka kuwa ingantacciya ce muddin ka cika sharuɗɗanta da rukunanta. Babu malamin mazhaba da ya lissafa sauraron waƙa cikin abubuwan da ke ɓata salla. Mahaifinka ma kada ka ɗaga masa murya a kan kaset ɗinsa. Ka zauna kusa da shi ka gaya masa ma'anar waƙar nan guda, za ka ga shi da kansa zai ƙyamace ta.

Biki wurin farin ciki ne, shari'a ma ta so a bayyana aure. A Bukhari da Muslim ya zo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Sayyidina Abubakar tsawata wa 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi. Shaihu Khalil, mai Mukhtasar, ya halatta bandiri a walima ko da ga maza ne, ya kawo zantuka uku a kan ganga. Shaihu Dardir a sharhinsa ya rinjayar da cewa bandiri da ganga sun halatta a biki, karɓar kuɗin hayarsu makaruhi ne, sauran kayan kiɗa kuwa haram ne, hayarsu ma haram. Don haka kada ka kai waƙoƙin nan bikin abokinka. Kai ma ka san yadda irin daren nan ke ƙarewa: lasifika a ƙofar gida har tsakar dare, samari da 'yan mata a cakuɗe, tsoho marar lafiya a maƙwabta ya kasa runtsawa, da asuba sahu ya ragu. Cutar da maƙwabci kaɗai ta isa hani ko da babu kiɗa. Ka gaya wa ango tun da wuri, don kada ya ga kamar ka guje shi. In yana son lasifikarka don ɗaurin aure da walima da sanarwa, ka kai masa. Mata su yi waƙoƙinsu na biki da guɗa a cikin gida tsakaninsu, da tafi da kiɗan ƙwarya, su tashi kafin dare ya raba.

Wannan ma'aunin za ka ɗora a kan waƙoƙin fina-finan Hausa da ake kawo maka daga Kano, waɗanda suka ɗauki salon rawa da waƙa daga Indiya: ka fara jin abin da ake faɗa, ka duba hoton da ke tare da shi, sannan ka yanke ko za ka tura.

Allah shi ne mafi sani.