Wanda ya gama zaman kaso, ya gama biya?

'Yan'uwa, ranar Talata bayan Isha'i gardama ta kaure a harabar masallaci kan Faruk Lawan. Shekara 16 ya yi a Majalisar Wakilai yana wakiltar Bagwai da Shanono. A 2012 shi ya jagoranci binciken kuɗin tallafin mai, har alfahari muke da shi a kasuwa nan Kudu. Sai ga maganar dala 500,000 da ya karɓa a hannun Femi Otedola. Kotu ta ɗaure shi shekara 7 a 2021, aka rage zuwa 5, ya fito daga Kuje a 2024.

Wasu dattawanmu suka ce ya biya, a ƙyale shi. Suna da gaskiya. Ƙofar tuba a buɗe take, kuma bin mutum da gori har kabari ba tarbiyyarmu ba ce. In ya shigo masallacin nan, sahu ɗaya za mu tsaya.

Amma fa yafiya daban, amana daban. Yaron shagon da ya taɓa kuɗin ciniki mukan yafe masa, mu ci tuwo tare, amma makullin durowa sai an ga kamun ludayinsa tukuna. To me ya sa in ɗan siyasa ne sai mu ce ai namu ne?

Mu ma da namu. Katin biki, kuɗin asibiti, simintin masallaci, duk ƙofar ɗan siyasa muke kaiwa, kuma ba mu taɓa tambayar ko albashinsa ya isa wannan ba.